Barcin Ɗakin Tiyata: Abin da Ake Shaƙa wa Mai Ciki Ranar Ciro Jariri

Abin robar nan da ake kifa wa mace a hanci da baki da zarar ta hau gadon tiyata, wanda mata ke ba juna labarinsa a gidan suna, "wallahi suna ɗora mini shi ban ƙara sanin inda kaina yake ba", ba shi ne ke kawo barcin ba. Iskar oksijin ce tsurarta a cikinsa. Barcin ta jijiyar hannu yake shiga, ta robar da aka riga aka maƙala don ƙarin ruwa, kuma kafin mace ta ƙirga talatin ya ɗauke ta. Maganin da ake shaƙa daga baya yake zuwa, bayan ta yi nisa, aikinsa kuwa shi ne ya riƙe ta a can har a ciro jariri, a ɗinke mahaifa, a rufe ciki.

Wannan maganin na shaƙa shi ya fi sa masu ba da barci gumi a tiyatar haihuwa, domin mutum biyu ne ke shan awo ɗaya. Idan aka yi rowarsa, uwa na iya farkawa wuƙa na jikinta. Idan aka cika hannu, mahaifa ta saki ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle, jariri kuma ya fito yana gyangyaɗi. Da wani ɗan maɓalli ake daidaita duk wannan, wanda ake murɗawa kamar na rediyo.

Yawancin matan da aka tsayar wa ranar aiki ba su ma kaiwa ga wannan barcin. Wadda aka taɓa yi wa aiki sau biyu, da wadda jaririnta ya kwanta a gicciye ya ƙi juyawa har wata tara, da ma da yawa daga waɗanda mabiyiya ta tare wa bakin mahaifa, allurar baya ake yi musu. A zaunar da mace a bakin gado, ta rungume matashi ta lanƙwasa, a soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan baya can ƙasa, inda laka ta riga ta ƙare, a zuba maganin da bai cika ƙaramin cokali ba. Cikin minti biyar zuwa goma ƙafafu su yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, sai bayan awa biyu ko uku ya dawo. Tana numfashi da kanta, tana jin ana taɓawa ana ja amma ba zafi, tana jin kukan farko, ta kuma san mace ce ko namiji kafin 'yan uwan da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa.

Duk da haka akwai masu zuwa da magana ɗaya a baki: "Likita, ni dai a sa ni barci, kada in ga komai." In aka bi diddigi, tsoron allurar ne, saboda an ce tana barin ciwon baya na har abada ko ta shanye ƙafa. Gaskiya wurin da aka soka kan yi tsami na 'yan kwanaki, wasu kaɗan kuma su yi fama da ciwon kai mai tsanani idan sun tashi zaune, kuma yana da magani. Amma ciwon bayan da ke bin mai jego watanni, bincike bai ɗora shi a kan allura ba. Ɗaukar ciki wata tara, da sunkuyon shayarwa, da goyo sun isa su kawo shi, wadda ta haihu a ɗakinta ma tana kuka da shi. Shanyewar ƙafa kuwa abu ne da likita zai iya yin aiki har ya yi ritaya bai gani ba.

Waɗanda ake sa wa barcin gaba ɗaya alhali ba gaggawa ake ba, kowacce da dalilinta. Kan gaba ita ce wadda jininta ba ya daskarewa yadda ya kamata, domin allura na iya huda ƙaramar jijiya a cikin baya, jini ya taru ya danne jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa ake auna ƙwayoyin daskarar da jini kafin aiki. Idan suka faɗi ƙasa da kimanin 70,000, kamar yadda kan faru ga mai hawan jinin ciki mai tsanani, likitoci da yawa sukan janye hannu daga allurar baya. Wadda ke kan allurar tsinka jini ma sai an bar awa 12 ko 24 bayan ta ƙarshe, gwargwadon yawan abin da take karɓa. Akwai mai ƙurji a daidai wurin sokawa, da wadda aka sa wa ƙarafa a ƙashin baya, da mai wasu cututtukan zuciya da ba za su jure faɗuwar jini farat ɗaya ba. Akwai wadda mabiyiya ta kafe a jikin mahaifa ta ƙi rabuwa, abin da ya fi samun masu tabon tiyatar haihuwa, inda tun kafin a shiga an san jini zai zuba, aikin zai yi tsawo, wataƙila ma a cire mahaifar. Wani lokacin kuma allurar ce za a yi ta ƙi kamawa. Wadda aka yi wa bayani ta ce ita dai ba ta yarda a taɓa mata baya ba, ba a yi mata dole.

A ɗauki ɗaya daga cikinsu, safiyar ranar aiki. Tun dare an hana ta abinci, an ba ta maganin rage tsamin ciki. An kwantar da ita an cusa wani abu ƙarƙashin ƙugunta na dama don cikin ya karkata hagu, saboda idan mai tsohon ciki ta kwanta rigingine nauyin mahaifa kan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. An maƙala mata wani ɗan abu a yatsa yana ƙara ɗit-ɗit daidai da bugun zuciyarta. Sai ta ga abin da ke tayar wa mata da yawa hankali: an sa robar fitsari, an wanke cikin da magani, an lulluɓe ta da korayen zannuwa, likitan tiyata ya sa safar hannu ya tsaya a kanta, ita kuwa idonta biyu.

"Likita, ban fa yi barci ba!"

"Mun sani, Hajiya. Ba mai taɓa ki sai na ce. Ja numfashi sosai, ki cika ƙirjinki."

A sauran ayyukan tiyata barci ake fara sawa, sannan a yi wanki da shimfiɗa a tsanake. A nan da gangan aka juya tsarin, don a rage mintunan da jariri zai yi yana samun rabonsa na magani ta cibiya. Minti ukun da ake yi ana shaƙa mata oksijin ma guzuri ne. Ciki ya tura huhu sama ya rage masa wurin ajiyar iska da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga jiki na cin oksijin fiye da da, don haka idan numfashin mai ciki ya tsaya, iskar jininta ta fi ta wadda ba ta da ciki saurin ƙarewa.

Daga nan komai a guje yake. A tura maganin barci ta jijiya, furofofol mai kama da madara ko tsohon tayofental, a bi shi da wanda ke sakar da duk naman jiki har da na numfashi. Mataimaki ya danna wani wuri a maƙogwaro da yatsu, dabarar da wani likitan Landan, Brian Sellick, ya bayyana a 1961 don a matse hanyar abinci kada abin ciki ya taso. Mai ba da barci ya buɗe baki da wani ƙarfe mai fitila, ya zura bututu cikin hanyar iska, ya hura 'yar balan-balan da ke jikinsa ta toshe gefe, ya duba na'urar da ke nuna iskar da huhu ke fitarwa don ya tabbata bututun ba hanyar abinci ya bi ba. Sai ya murɗa maɓallin maganin shaƙa, ya ɗaga kai ya ce, "Bismillah." A hannun ƙwararre, 'yan mintuna ne jariri ya fito.

Maganin a asalinsa ruwa ne garai-garai a kwalba. Ana ɗura shi a wani ɗan tulun ƙarfe da ke jikin injin, oksijin ya ratsa ta kansa ya kwashi tururinsa. Kowanne da launinsa don kada a yi kuskuren ɗuri: halotan ja, aisofuluren shunayya, sebofuluren rawaya. Daga huhu ya shiga jini, daga jini ya hau ƙwaƙwalwa, idan aka rufe maɓalli kuma ta inda ya shigo yake fita, a numfashi. Abin da aka tura a jijiya ya tafi ke nan sai jiki ya gama da shi, wannan kuwa ana ƙara shi ana janye shi yadda aka so, injin zamani ma yana nuna adadin da ke fitowa daga huhun mace a kowane numfashi. Halotan, wanda aka fara amfani da shi a Mancesta a 1956, ya daɗe a ɗakunan tiyata na Afirka bayan Turai ta ajiye shi, saboda arha. Aibinsa shi ne hanta ce ke sarrafa kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa, jefi-jefi yakan yi mata illa, musamman in an maimaita shi kusa-kusa, yakan kuma rikita bugun zuciya. Aisofuluren kusan dukkansa a numfashi yake fita. Sebofuluren, da aka fara amfani da shi a Japan a 1990, ya fi su saurin kamawa da saurin saki, ya kuma fi su tsada.

Shaƙa wa mai haihuwa magani ya girmi allurar baya da rabin ƙarni. Wata uku bayan William Morton ya nuna aikin sinadarin eta a Bostin ranar 16 ga Oktoba, 1846, James Young Simpson na Edinbara ya shaƙa wa wata mai naƙuda shi, ranar 19 ga Janairu, 1847, kafin shekarar ta ƙare kuma ya koma kulorofom. An yi ta ce-ce-ku-ce har 1853, da John Snow ya ɗiga wa Sarauniya Biktoriya kulorofom a hankici a haihuwar ɗanta na takwas, Leopold. Sai dai an fi ƙarni guda ana yin abin da marufin fuska kawai, ba bututu, kuma mata ne suka biya kuɗin darasin.

A 1946 wani likitan mata a Niyok, Curtis Mendelson, ya bi bayanan haihuwa 44,016 da aka yi a asibitinsu tsakanin 1932 da 1945. Ya samu mata 66 da abin cikinsu ya taso ya faɗa huhu suna cikin barcin magani. Biyu sun mutu, lomar abinci ta shaƙe su. Waɗanda ruwan ciki mai tsami ya shiga huhunsu kuwa suka kama haki kamar masu asma, kuma har yau da sunansa ake kiran ciwon. Mai ciki na cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari, don bakin tumbinta ya saki, ga mahaifa na turo shi daga ƙasa. Ƙwannafin da ke hana ta barci a watannin ƙarshe alamar haka ce. Mutum a farke tari zai yi ya fitar, wanda aka sa barci kuwa ba shi da tari.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa shida ba abinci, awa biyu ba ko ruwa. Kunu, koko, fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafin, ko da kurɓarsu ake yi. Inda gizo ke saƙa shi ne tausayi. Uwa ta ga 'yarta tun dare ba ta sa komai a baki ba, ta faki idon nas ta miƙa mata kofin kunu, ko dabino uku, ko rubutun sauƙin haihuwa, sannan a haɗa baki a ce ba ta ci komai ba don kada a ɗaga aikin. Ɗaga aiki da 'yan awanni ba wani abu ba ne a ranar da ba gaggawa. Kunu a huhu kuwa ɗakin kulawa ta musamman yake kai mutum, in ma asibitin na da shi. Hanin ya haɗa har da wadda za a yi wa allurar baya, domin ba a san lokacin da za a koma wa barci ba.

Shi kansa bututun ba kullum yake shiga da sauƙi ba. Ciki kan kumbura cikin maƙogwaro, ga ƙiba, ga ƙirji ya cika yana tare hannun ƙarfe. Wata bita da aka yi wa rahotannin shekaru da dama, aka buga a 2015, ta nuna ana kasa zura bututu ga kusan mace ɗaya cikin 400 da aka sa wa barci don haihuwa. Dalilin ke nan da mai ba da barci ke zuwa bakin gado tun kafin ranar, ya ce a buɗe baki, a fito da harshe, a ɗaga haɓa, ya tambayi haƙori mai girgiɗi, ko na roba, ko na Makka.

Batun awo kuwa ya sha juyi. A shekarun 1960 tsoron zubar jini da tsoron jariri mai barci sun sa likitocin Birtaniya suna ba da iskar barci mai rauni kawai, su dogara da maganin da ke sakar da jiki don mace ta kwanta shiru. Shirun ya samu, amma wasu matan suna ji, ba su da ikon ɗaga yatsa ko buɗe ido su faɗa. A 1970 Donald Moir na Gilasgo ya nuna cewa ɗan halotan kaɗan, rabin kashi ɗaya cikin 100 na iskar da ake shaƙa, yana maganin wannan farkawa ba tare da ya ƙara zubar jini ba. A kan wannan tubalin aikin yau yake.

Matsalar dai ba ta ƙare ba. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya nuna cewa a dukkan tiyata, kusan mutum ɗaya cikin 19,000 ne ke kawo ƙorafin ya farka ana cikin aiki, amma a tiyatar haihuwa ɗaya ce cikin 670. Da wasu masu bincike suka ƙi jiran ƙorafi, suka bi mata 3,115 a asibitoci 72 na Ingila suna tambayarsu baki da baki, sakamakon da suka buga a 2021 ya fi haka muni: kusan ɗaya cikin 212 na waɗanda aka ciro wa jariri. Yawanci a farkon barcin ne ko a ƙarshensa. Dalilan a fili suke. Ana sauri, ana riƙe maganin kashe zafi mai ƙarfi har sai an datse cibiya don kada ya danne numfashin jariri, sannan akwai ɗan tsakanin da maganin jijiya ya fara saki, na shaƙa bai gama kamawa ba. Wasu matan abin kan bi su da firgita da mugun mafarki watanni. Wadda ta ce ta ji maganar likitoci ana cikin aiki, bai kamata a rufe ta da "mafarki kika yi" ba, balle a kai maganar wajen iskoki. Mai ba da barci ya kamata a kira ya zauna ya saurare ta, a kuma rubuta a katinta saboda gaba.

Da an datse cibiya lissafi ya canja. Yanzu ana iya ba uwa maganin zafi mai ƙarfi, a tura oksitosin don mahaifa ta tsuke, a kuma rage maganin shaƙa. Mahaifa da kanta take tsayar da jininta: naman jikinta ne ke murɗewa ya shaƙe jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe, maganin shaƙa kuwa gwargwadon yawansa gwargwadon yadda yake sanyaya wannan murɗewar. Likitan tiyata zai dafa ta da tafin hannu. In ta yi tauri kamar ɗanyar gwanda, madalla. In ta yi laushi sai ya leƙo ta saman zane ya ce a rage. Abin da ke taimakawa shi ne ciki da kansa yana rage buƙatar jiki ga maganin da kusan kashi 30 cikin 100.

Jariri yana samun rabonsa, ba shakka, domin duk waɗannan magunguna suna ratsa mabiyiya. Wanda aka ciro uwarsa na barci ya fi yiwuwa ya fito a sanyaye, ya buƙaci a goge shi da ƙarfi ko a hura masa iska, shi ya sa dole a tanadi mai karɓarsa da kayan aiki tun kafin a fara. Galibi kafin minti biyar ya ware, don shi ma a numfashi yake fitar da nasa. Makin nan da ungozoma ke rubutawa a minti na ɗaya da na biyar, na bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jiki, motsi idan an taɓa, da launin fata, likitar ba da barci ce ta ƙirƙiro shi, Virginia Apgar ta Niyok, ta buga shi a 1953, kuma da shi aka gane wane magani ne ke danne jarirai. Gargaɗin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi a 2016 game da ƙwaƙwalwar yara ya shafi barcin da ya wuce awa uku ne ko wanda ake ta maimaitawa. Rabon jaririn tiyata 'yan mintuna ne.

Akwai ma aikin da ake neman sakin mahaifar da gangan. Idan hoton ciki ya nuna jariri na da ƙari a wuya wanda zai toshe masa hanyar iska, sai a shirya wani aiki da likitocin San Faransisko suka tsara a shekarun 1990, ana kiransa EXIT a taƙaice. A cika wa uwa maganin shaƙa, ninki biyu ko uku na abin da aka saba, mahaifa ta saki sarai, mabiyiya ta ci gaba da zama a manne. A fito da kan jariri da kafaɗunsa kawai, yana shan iskar uwarsa ta cibiya, wasu likitocin su zura masa bututu a tsanake, sannan a datse cibiya, a rufe magani, a hau tsuke mahaifa da sauri. Aibin maganin ne ya zama maganin matsalar, sai dai aiki ne na manyan asibitoci masu tanadin jini.

Tambayar da ake yi wa mace ko wani a danginsu ya taɓa samun matsala a barcin tiyata ba ta cika takarda ba ce. A 1960 a Melbon ta Ostireliya, wani saurayi da ya karye a ƙafa ya shaida wa likitoci cewa 'yan uwansa goma sun mutu a barcin tiyata. Aka shaƙa masa halotan, jikinsa ya ɗau zafi, bugun zuciya ya haukace, da ƙyar ya sha. Michael Denborough ya bi dangin ya gano abin gado ne. Ga mai wannan gadon, maganin shaƙa kan sa naman jiki ya ƙanƙame, zazzaɓi ya hau ba birki. Abin ba shi da yawa, amma maganinsa, dantirolin, tsada gare shi, ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. Idan an sani tun da wuri sai a yi allurar baya, ko a riƙe barcin da maganin jijiya kaɗai.

Alƙaluma na nuna cewa haɗarin ya fi rataya a kan kayan aiki da hannun da ke riƙe da su. A Amurka, binciken Joy Hawkins da abokan aikinta ya nuna cewa tsakanin 1985 da 1990 haɗarin mutuwa a barcin gaba ɗaya ya ninka na allurar baya kusan sau 17. Tsakanin 1997 da 2002 bai kai ninki biyu ba. A tsakani, ɗan abin yatsan nan da sautinsa ke yin ƙasa idan iskar jini ta ragu, da na'urar tabbatar da bututu, da horo a kan abin yi idan bututu ya ƙi shiga, sun zama dole a kowane ɗakin tiyata. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa, wata bita da aka buga a 2016 ta samu cewa barcin gaba ɗaya na ninka haɗarin mutuwar uwa kusan sau uku, kuma kusan kashi 14 cikin 100 na mace-macen tiyatar haihuwa daga ɓangaren ba da barci ko kashe jiki suke. A yi adalci: matan da suka zo a galabaice su aka fi sa wa barcin. Wani binciken na asibitoci 183 a ƙasashe 22 na Afirka, da aka buga a 2019, ya ƙirga mutuwar uwa fiye da biyar a kowace tiyatar haihuwa 1,000, kimanin ninki 50 na ƙasashe masu arziki, kuma uku cikin huɗu na ayyukan na gaggawa ne.

Allurar bayan ma ba ta yin kanta. Tana faɗar da jini, wani lokacin ta hau sama ta taɓa numfashi, kuma rahotannin mace-macen masu haihuwa a Afirka ta Kudu sun nuna da yawa daga mutuwar da aka ɗora a kan wannan ɓangare a ƙarƙashin allurar baya ta faru, a ƙananan asibitoci, a hannun waɗanda ba su ƙware a zura bututu ba. Duk mai soka allura a bayan mai ciki dole ne ya iya sa ta barci ya riƙe numfashinta. A Nijeriya likitocin ba da barci ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali biyar ƙungiyarsu ta duniya ke nema, don haka ma'aikatan jinya masu horon ba da barci ne ke ɗauke da yawancin nauyin a wajen manyan birane. Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, a Nuwamban 2024 kuma ministan lafiya na Nijeriya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da yin ta kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna kusan haihuwa uku ce kawai cikin 100 ake yi ta tiyata a Nijeriya a lokacin, adadin da ya yi kaɗan ga buƙata. Idan ya ƙaru, kamar yadda ake fata, sai an ƙara masu tsayawa a wajen kan gado da na'urorinsu, ba masu riƙe wuƙa kaɗai ba.

Ana ɗinkin ƙarshe ake rufe maɓalli. Ba a zare bututu sai mace ta dawo sosai, ta buɗe ido da aka kira ta, ta iya tari, domin haɗarin abin ciki na nan a farkawa kamar yadda yake a shiga. Za ta tashi da kaushin maƙogwaro, wataƙila da tashin zuciya da rawar ɗari, kuma zafin yanka zai riga na mai allurar baya zuwa, don haka kada ta yi kunyar neman magani. Kukan farko ya wuce ta, mai yiwuwa har an yi wa yaro huɗuba tana barci. Nono kuwa ba a jira da shi: da ta wartsake ta iya riƙe jariri a ba shi, ba a matse dakashi a zubar don tsoron magani.

Abin da ranar da aka tsayar ta fi gaggawa da shi lokaci ne, kuma sau da yawa a banza yake tafiya, ana neman ko za a haihu a gida kafin ranar don gudun gorin ragwanci, har a dawo da tsakar dare da naƙuda da cikakken tumbi. Wadda aka ba rana ta nemi ganin mai ba da barci kafin ranar, ta tambaye shi allurar baya ce ko barci, da dalili. Ta faɗi duk maganin da take sha har da na gargajiya, da yadda ta kwashe a aikin da ya gabata, da duk wani na gida da ya shiga tiyata bai farka ba. Maigida ya sa hannu da wuri, ya kawo masu ba da jini tun ana gobe. Idan kuma an kurɓi kunu da asuba, a faɗa.